Baba Bai Mayar da Hannun Kyauta Baya

Ranar da muka sa surukina a ƙasa, na ji dalilin mutuwarsa a bakuna da yawa, kuma babu bakin da ya faɗi daidai. Ni ce matar ɗansa na tsakiya. Mu ne muke zaune da tsofaffin a gidan iyali a nan Kafanchan, don haka ni na yi ta zagayawa da faranti tsakanin rumfunan da aka kafa a ƙofar gida. Mai rabon abinci kuwa ba a ganin fuskarta, farantin kawai ake gani, shi ya sa kowa ya saki baki a gabana.

Dattawan ikilisiya suka ce kwanansa ne ya ƙare, ya gama tserensa, ya tafi ya huta wurin Ubangiji. Matan zumuntar ikilisiya sun zo cikin anko da tulunan kiɗansu, sun yi waƙa har muryoyi suka dushe. Da suka zauna cin abinci sai na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa mutum ba ya aman jini haka kawai, akwai hannu a ciki. Ta kusa da ita ta tambaya, to wa yake dafa masa abinci a gidan? Ina tsaye a kansu. Na dire mata shinkafarta, na ce ta ci a hankali, don wannan ma ni na dafa. Ba ta sake ɗago kai ba, amma ta cinye shinkafar tas.

Alhaji, tsohon abokinsa mai sayen citta a kasuwa, da tabarmarsa ya zo. Ya shimfiɗa ta a gefe, ya ƙi cin komai, ya zauna yana kallon ƙasa har rana ta juya. Da zai tafi ya gaya wa mijina cewa shekara da shekaru yana auna cittar mutumin nan, bai taɓa tsintar dutse a buhunsa ba. Iyakar ta'aziyyarsa ke nan, kuma ta fi dogayen jawaban da aka yi a majami'a shiga raina.

Wanda ya soke ni shi ne wani tsoho, sa'an Baba, da ya kama bakin farantina ya jawo ni kusa.

"Malama, gwangwanin marigayi fa? Kar a manta da mu ranar rabon kaya. Shi ne yake taimaka mana da gwiwa."

Gwangwanin da yake nufi na madarar gari ne, tsoho, fentinsa ya goge. A cikinsa Baba yake tara magungunan ciwon gwiwarsa. A lokacin da tsohon nan yake maganar, gwangwanin yana cikin ɗaki kusa da cinyar Mama, matar marigayin, ta rufe shi da gefen zaninta. Da safen nan da idona na ga ta buɗe shi ta haɗiye ƙwayoyi, ba ta ko karya kumallo ba. Ni kuwa na riga na san abin da ke cikin gwangwanin nan shi ya kashe Baba, don likita ta gaya mana, ni da mijina. Mijina ya roƙe ni in yi shiru sai an gama makoki. Haka na yi ta raba shinkafa ina kallon uwar mijina tana bin hanyar da mijinta ya bi.

Ina rubuta wannan ne don kada Baba ya zama hoto kawai a jikin kalandar da aka raba ranar jana'iza. Jikokinsa za su girma su ji an ce tsufa ne, ko su ji an ce hannun mutum ne. Gara su ji daga wadda ta zauna da shi.

Ma'aikacin reluwe ne a ƙuruciyarsa, cikin masu gyaran layin dogo. Rabin rayuwarsa a durƙushe ya yi ta a kan tsakuwa, yana ɗaure ƙarfe. A can ya bar gwiwoyinsa. Da ya yi ritaya sai ya koma noman citta a wata gona ta hanyar Kagoro, wato ya tashi daga durƙuso ya koma sunkuyo. In ka tambaye shi yaya jiki, sai ya ce jiki yana nan inda ya bar shi. In ka ce ya huta, sai ya ce jirgi ba ya jiran mai ciwon ƙafa, ko da yake jirgin da yake magana a kai ya daɗe da daina sa garin nan gudu. Hausarsa kuma babu mace a cikinta. Ni da Mama da fasto da akuyar gida, kowa "kai" ne a bakinsa. Mama ma haka take magana. Ni 'yar Kagoro ce, su mutanen wajen Samarun Kataf ne, yarenmu ba ɗaya ba, Hausar nan ce ta haɗa mu a tsakar gida.

Ba waliyyi ba ne, kada wani ya yaudare ku. Taurin kansa ya fi na ƙarfen da ya yi aiki da shi. In ya ce gobe za a haƙa citta, ko sama za ta faɗo sai an haƙa. Amma yana da wata ɗabi'a guda da duk unguwa ta san shi da ita: ba ya mayar da hannun kyauta baya, kuma ba ya fifita mai bayarwa a kan mai bayarwa. Yakan ce wanda ya ba ka abu, kai ya fara tunawa kafin ya ga abin, saboda haka in ka ƙi abin, tunanin ka ƙi.

'Ya'yansa uku ne. Akwai Yaya, babban, ma'aikacin gwamnati a Abuja. Akwai mijina. Sai Auta, mace, tana aure a Jos. Kowace Kirsimeti kowannensu sai ya ɗinka wa Baba kaya. Wani uban zai sa ɗaya ya ajiye biyu. Baba kuwa na Yaya zai sa ya tafi sujada a majami'a, ya dawo ya tuɓe ya sa na mijina ya ci abincin rana, da yamma ya sa na Auta ya fita gaishe-gaishe. Maƙwabta har tsokanarsa suke yi, suna cewa amarya ta fito. Shi ko a jikinsa. Akwai kuma doka ta biyu da ke tafiya da wannan: ba ya taɓa gaya wa ɗa abin da ɗan'uwansa ya ba shi. Ya ce da haka ake shuka gasa a gida, mai ƙarfi ya yi fahariya, marar ƙarfi ya ji kunya. Mun yi ta yabon wannan hali nasa, har fasto ya taɓa kawo shi misali a wa'azi.

Ni ma na ci moriyar halin. Makon da aka kawo ni gidan nan, na ce bari in nuna musu an koya mini girki, na yi faten acca. Gishiri ya zarce, ƙasan tukunya ya kama, ƙauri ya cika gida. Mama ta ɗanɗana ta ajiye cokali, abin da ya fi zagi zafi. Baba ya jawo kwanona kusa da na Mama, ya ci daga nan ya ci daga can, loma ɗaya-ɗaya, har ya ga ƙasan kowanne. Ya sha ruwa mai yawa, ya ce, "Malama, sannu da aiki." Malama yake kirana saboda ina koyarwa a firamare. Tun daga ranar, duk abincin da na kai masa sai ya faɗi wannan kalma, kuma tun daga ranar na ƙaunace shi kamar uban da ya haife ni.

Gwiwar ta tsananta ne bayan shekarar da cuta ta cinye citta a gonaki, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Manoma da yawa sun haƙura. Baba ya ce shi ba cuta ce za ta yi masa ritaya ta biyu ba. Ya nemo iri, ya sake shiga gona da ƙarfin da ba shi da shi. Wata safiya ya kasa tashi daga kujera, ni na sa shi a keke mai ƙafa uku na kai shi asibiti. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce gaɓoɓin sun cinye, abin da muke kira sanyin ƙashi. Ta duba katinsa ta ga yana shan maganin hawan jini, sannan ta rubuta masa dikilofenak, ƙaramar ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da yamma, kullum bayan abinci, na ɗan gajeren lokaci kawai. Ta ce in ya ƙare kada a sake saya, a dawo ta gan shi. Ta ce kada a haɗa shi da wani maganin ciwon jiki ba tare da an tambaye ta ba. Ta ce in cikinsa ya fara zafi, ko ƙafa ta kumbura, ko bayan gida ya yi baƙi, a daina nan take a zo. Baba yana ta gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki.

Maganin ya yi aiki, kuma wannan ne mafarin masifar. Mutumin da ya kasa tashi daga kujera ya koma gona yana fito. Da ƙwayoyin suka ƙare, asibiti bai sake ganin ƙeyarsa ba. Ya ba mijina kwalin da babu komai a ciki ya ce ya je kyamis ya sayo irinsa. A kyamis babu wanda ya tambayi takardar likita. Ɗa kuwa ba ya tsayawa musu da ubansa a kan maganin da yake gani da idonsa yana sa tsoho tafiya.

A nan muka yi faɗanmu, ni da Baba, wanda shi ne kaɗai a duk zamanmu. Lokacin shanyar citta ne, an tsaga ta an baza a tsakar gida, yajinta yana shiga ido. Na gan shi da sassafe yana kora ƙwaya da ruwa, ga kunun da na dama masa ko taɓawa bai yi ba. Na ce Baba, kwanakin da likita ta ɗiba ai sun wuce tuntuni, kuma ta ce sai da abinci a ciki.

"Dokta ya ce kwana kaɗan," in ji shi. "Ka koma ka tambaye shi ko citta ma kwana kaɗan ne."

Ni bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci. Na ce in dai cittar ce za ta kai shi ƙasa, gara ita ta ruɓe a ƙasan. Ga mutumin da ya ga gonarsa ta ruɓe, wannan magana ba ƙarama ba ce, kuma har yau ban janye ta ba. Da rana na kai masa tuwo, ya cinye tas yadda ya saba, ya wanke hannu, ya tashi. Bai ce sannu da aiki ba. Haka ya yi ta hora ni da shirun nan har na fara jin tuwon da nake tuƙawa ba shi da daɗi a bakina. Daga baya ya huce, ya dawo da kalmarsa, ya kuma daina shan magani a tsakar gida. Na ɗauka na ci nasara. Ashe ɗaki ya koma da abinsa, inda ya san suruka ba ta shiga.

Abin da ke faruwa a ɗakin, sai bayan rasuwarsa Mama ta ba ni labari. Baba ba ya kai ƙarar jikinsa wurin kowa, amma Mama tana yi. In yara sun kira waya sai ta ce gwiwar babanku ta hana shi barci. Yaya ya ji, ya tambayi wani abokin aikinsa, aka ce akwai wani mai ƙarfi, ya saya ya ba direba a tasha ya kawo. Auta ta ji, ta tuna da wanda yake taimakon uwar mijinta, ta aiko da shi cikin buhun dankali. Kowanne ya ɗauka shi kaɗai ne ya tuna da gwiwar ubansa. Baba ya karɓa ya yi godiya, bai gaya wa kowa akwai wani ba, don dokarsa ce. Ya ɓare ƙwayoyin ya zuba a gwangwani, ya raɗa musu suna: na Babba, na gida, na Auta.

Mama ta ce kowace safiya, bayan sun karanta Littafi Mai Tsarki, sai ya jera ukun a tafin hannunsa. Ya ɗauki na Babba ya ce Ubangiji ya tsare shi a wurin aiki, ya haɗiye. Ya ɗauki na gida ya sa wa mijina da ni albarka, ya haɗiye. Ya ɗauki na Auta ya roƙa mata zaman lafiya a gidan miji. Da yamma ya sake. Mama ta taɓa cewa ko ya zaɓi ɗaya, ya ce ta nuna masa yaron da zai ajiye a gefe. In sa'anninsa sun zo hira suna kukan gwiwa, ya ɗiba ya ba su. Da bayan Mama ya fara ciwo, ita ma ya fara jera mata nata.

Jikin ya yi ta ba da sanarwa, shi ya yi ta rufe masa baki. Cikinsa yana zafi, ya jiƙa kanwa ya sha. Ƙafafunsa suka kumbura, ya ce sanyi ne, ya tsaga takalminsa da reza don su shiga. Da na yi magana a kan ƙafar ya ce ya fi ni sanin ƙafar da ya yi shekaru yana takawa. Bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, wannan Mama kaɗai ta sani, kuma ba maganar da tsohuwa za ta yi da surukarta ba ce. Fuskarsa ta yi fari, numfashinsa ya gajarce, muka ce gajiyar gona ce.

Da hantsi abin ya faru, yana juya citta a shanya. Na ji Mama ta kira sunana da wata murya da ban san ta da ita ba. Na fito na same shi a durƙushe, ya dafa ƙasa, jini baƙi-baƙi ya ɓata cittar da ke gabansa. Abin da ya fara ce mini shi ne in kwashe wadda ba ta ɓaci ba.

A asibiti aka ƙara masa jini. Likitar nan dai ce, ta ce a kawo mata duk abin da yake sha, kada a bar ko ɗaya. Mama ta aiko da gwangwanin, da kwalayen da ta adana a ƙarƙashin katifa. Ranar na fara ganin abin da ke cikin gwangwanin. Likitar ta jera kwalayen a kan tebur, ta daɗe tana kallonsu, sannan ta yi mana bayani ni da mijina a hankali. Na gida dikilofenak ne, na Auta ibufurofen, na Yaya firoksikam. Sunaye uku, launi uku, amma dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya, ɓarnarsu ɗaya. Ta ce haɗa su ba ya ƙara sauƙin ciwo, illar kawai yake tarawa: suna cin bangon ciki har ya yi gyambo ya fashe, suna kuma gajiyar da ƙoda, balle ga tsoho mai hawan jini da ke sha ciki babu komai. Ta ce kowanne yana da iyakarsa. Dikilofenak, ko ƙato mai jini a jika ba a ba shi fiye da miligiram ɗari da hamsin a yini, tsoho kuwa ƙasa da haka ake ba shi, kuma ba na wata da watanni ba ne. Na Yaya sau ɗaya tak ake shansa a yini, Baba yana shansa safe da yamma. Mijina ya tambaye ta ko akwai abin da za a yi. Ta ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ƙodar ta riga ta yi nisa.

Bai daɗe ba. A kwanakin nan na ƙarshe ba ya iya cin komai, amma in na kawo kunu sai ya sa na taɓa masa cokali a leɓe, don kada a ce an mayar da kwano. Da la'asar ya cika, Mama tana riƙe da ƙafarsa. Da aka haɗa kayansa a leda aka ba mu, gwangwanin yana ciki, Mama ta zare shi ta rungume.

Mijina ya ce in rufa masa asiri. Ya ce Yaya da Auta ba za su iya ɗaukar wannan nauyi ba, shi kansa ji yake kamar ƙirjinsa zai tsage. Na ji tausayinsa ƙwarai, don na ga yadda yake zama ya zuba wa hannuwansa ido. Na ce to Mama fa? Ya ce zai san yadda zai ɗauke gwangwanin a ɓoye. Na ce ya ɗauke, Auta za ta aiko da wani, Yaya zai aiko da wani, shi kuma in Mama ta miƙo masa kwali zai iya cewa a'a? Ni kuma na riga na ga zoben da ke yatsan Mama ya fara nitsewa cikin nama.

Kafin baƙi su watse aka zauna rabon kayan marigayi, yadda aka saba, a tsakar gida, 'ya'ya da dangi na kusa. Suruka ba ta da baki a wannan zama, aikinta kawo ruwa. Aka fito da rigunan Kirsimeti, da tsohuwar hular reluwe, da rediyo, da fartanya, da Littafinsa da ya sha ɗinki. Kowa ya ɗauki abin tunawa. Wani kawu ya tuna da saƙon tsofaffin unguwa, ya ce a raba musu maganin marigayi, sadaka ce. Mama ta ce babu mai taɓa mata gwangwani, yaranta ne suka aiko, kuma ita ma tana da baya.

Na ajiye butar ruwa. Na durƙusa a gaban Mama na roƙe ta ta ba ni gwangwanin in nuna wani abu, zan mayar mata. Ta ba ni don mamaki. Na juye shi a faranti, na ce Mama ta ware mana su yadda Baba yake yi. Da yatsa ɗaya ta ware su kashi uku tana kiran sunayensu, na Babba, na gida, na Auta. Na ga Yaya ya kalli Auta, Auta ta kalli mijina. Sai a lokacin kowannensu ya san ba shi kaɗai ba ne. Na faɗi abin da likita ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Yaya ya miƙe tsaye. Mutum ne da ba a saba gaya masa abin da ba ya so ba.

"Wato kina cewa mu muka kashe ubanmu? A gidanmu, ke?"

"Ban ce ba, Yaya. Cewa na yi mu dubi ƙafar Mama."

Kowa ya duba. Ta kumbura har idon sawun ya ɓace. Yaya ya juya wurin mijina yana jiran ya tsawata wa matarsa. Mijina kansa a ƙasa ya ce gaskiya ne, yana wurin aka faɗa, kuma na gidan shi yake sayowa. Kawun da ya nemi a yi sadaka ya jawo hularsa ya rufe fuska.

Mama ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon kashi ukun nan. Sannan ta jawo bakin zaninta ta fara kwance wani ƙulli. Sabon kwali ne, ko buɗewa ba a yi ba. Ashe da safen nan Auta ta ba ta, ta ce ga na baya, Mama, kada ya ƙare miki bayan mun tafi. Mama ta kamo hannun Auta, ta buɗe tafin, ta sa kwalin a ciki, ta naɗe yatsun a kansa da nata hannun.

"Babanka bai taɓa yi maka haka ba," in ji ta. "Ni zan yi. Karɓi kayanka."

Kukan da Auta ta yi a wurin ya fi wanda ta yi a bakin kabari. Ni ma na yi, don na san abin da tsohuwar nan ta karya. Shekarun aurenta duka ta yi su ne a ƙarƙashin dokar mutumin nan, kuma ba ta taɓa ganin laifin dokar ba sai ranar.

Washegari muka kai ta asibiti. An ce ƙodarta ta taɓu, ba za ta koma yadda take ba, amma an tare abin. An canza mata magani, an koya mata motsa jiki da gasa baya da ruwan ɗumi. Ciwon bai tafi ba. Wasu ranaku sai na ɗaga ta, tana cije leɓe, ta dogara da sandar Baba. Tsofaffin unguwa sun ji haushina da aka ƙi ba su rabonsu, na bi su gida-gida na yi bayani, wasu sun ji, wasu sun ce yarinya ce za ta koya musu ciwon gwiwa. Yaya har yau in ya kira waya ba ya cewa a ba ni. Ban riƙe shi ba, kowa da yadda yake ɗaukar kayansa.

Baba, ka ci abincina mai ƙauri don kada in ji kunya, ka sa riga uku a yini ɗaya don kada wani yaro ya ji an bar shi. Ubangiji da ya ga zuciyar da ka yi haka da ita, ya karɓe ka hannu biyu, ya ba ka hutun da ka ƙi ba gwiwoyinka. Mu da muka rage muna koyon abin da ka kasa. Jiya wata 'yar zumunta ta zo gaishe da Mama, ta ciro ƙwayoyi a leda ta ce suna da kyau ga baya. Ina daga bakin murhu ina ji. Mama ta yi godiya, ta sa mata albarka, ta ce ta mayar da su jakarta. Da matar ta tafi, sai na ga Mama ta juya fuska wajen bango, ta daɗe a haka.